Kafin A Kira Tsohuwa Mayya

Tun daga shekarar 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha, unguwar Tudun Wada take ta cika da baƙi. Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwa, kowa ya zo ya kama haya ko ya yi gini, sa'an nan buɗe Jami'ar Jihar Gombe a unguwar a 2004 ya ƙara jawo waɗansu. Da yawa daga cikin masu bi da ke zaune a nan asalinsu mutanen Kaltungo ne, ko Billiri, ko Tula, ko Cham, ko Zambuk, iyayensu kuwa suna can gida. Sa'ad da uba ya rasu, ko noma ya fi ƙarfin tsohuwa, 'ya'ya sukan zauna su shawarta a ɗauko ta ta zo birni, inda akwai asibiti kusa, akwai kuma mai dafa mata abinci. Niyya ce mai kyau, ba mai kushe ta.

Amma a waɗansu gidajen ba a daɗewa sai a fara ganin abin da ba a zata ba. Macen da ta riƙe gida shekara 50 sai ta kasa gane ƙofar banɗaki. Ta ci tuwo yanzu, an jima ta gaya wa baƙo tun jiya ba a ba ta kome ba. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce surukarta ce ta sace. Da magariba ta ƙulle kayanta ta ce za ta gida, uwarta tana jiranta, alhali uwar ta rasu tun ita tana amarya. Wata rana kuma a wayi gari ba ta a ɗaki, sai can a same ta a wani lungu, a ƙofar mutanen da ba su san ta ba, zani ya kwance, tana magana cikin harshen da ba su ji.

A nan ne ake yanke hukunci, yawanci kuwa da gaggawa. Masu sauƙin hali su ce gigin tsufa ne, a rabu da ita. Waɗansu su ce iska ce, ko jifa aka yi mata, a nemi mai addu'a ko boka. Waɗansu kuma, musamman idan an yi rashin yaro a gidan ko a maƙwabta ba da daɗewa ba, su ce mayya ce, gari ne ya waye mata kafin ta koma. Maganganun nan uku sun bambanta ƙwarai wajen muguntarsu, amma sun yi tarayya a abu guda: duk wanda ya faɗi ɗayansu ya sauke wa kansa nauyin bincike. Abin tambaya shi ne ko ɗa yana da iznin sa wa halin iyayensa suna tun bai bincika ba, da kuma ko rashin sani uzuri ne a inda sanin yake kusa.

Tsufa kansa yana rage saurin tunawa, wannan ba gardama. Dattijo yakan manta inda ya ajiye tabarau, ko sunan wani ya ɓace masa ya dawo bayan an tashi daga hira. Irin wannan ba ya hana shi zuwa kasuwa ya ƙirga canjinsa daidai, ko ya je sujada ya komo gida. Ciwon mantuwa wani abu ne dabam. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa kaɗan kaɗan, cikin watanni da shekaru, har mutum ya kasa yin abubuwan da ya saba yi da kansa. Yakan maimaita tambaya guda sau da yawa cikin zama ɗaya. Yakan ɓata a hanyar da ya sani. Mace takan zuba gishiri sau biyu a miya, ko ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone, ko ta tsaya gaban murhu ba ta san abin da ake fara yi ba. Abin da ya faru da safe ya ɓace, amma labarin ƙuruciya yana nan daram, har da sunayen waɗanda aka yi ajin baftisma tare da su. Wannan ne yake sa iyali su ce da gangan take yi, tun da ta tuna abin shekara 60 ta kasa tuna na ɗazu. Ba da gangan ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abu shi ne cutar takan fara ci.

Haka batun harshe. Wanda ya koyi Hausa da girma, in cutar ta yi nisa, Hausar takan zube ta bar shi da harshen da ya sha a nono. Tsohuwar da aka tsinta da asuba tana maganar da ba a ji, mai yiwuwa Tangale take yi, ko Waja, ko Tera, tana tambayar hanyar gidan ubanta. Sauyin wuri ma yakan tona cutar. A ƙauye ƙafarta ta san hanyar rijiya da ta majami'a ko da tunani ya raunana, kowa kuma ya san ta, in ta ratse a juyo da ita. A Tudun Wada lunguna sun yi kama da juna, ƙofofin ƙarfe sun yi kama da juna, ba wanda ya san 'yar wane ce.

Cutar ba sabuwa ba ce, ba kuma ta wata al'umma ce ita kaɗai ba. A 1901 aka kawo wa wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, wata mata mai shekara 51 a asibitin Frankfurt. Tana zargin mijinta, tana ɓoye kaya, tana kururuwa, tana jin ana so a kashe ta. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta ya tarar ta motse, da waɗansu irin dunƙule-dunƙule da ba a gani a ta mai lafiya. Nau'in da ke ɗauke da sunansa shi ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon mantuwa, bisa ga Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa masu ciwon sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuma a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Akwai nau'in da hawan jini da ƙananan shanyewar jiki suke kawowa, wanda yakan tafi mataki mataki. Akwai wanda mai shi yakan ga mutane ko yara a ɗaki, ya kwatanta su sarai, alhali ba kowa. Akwai kuma wanda yakan fara da zubewar kunya tun mutum bai kai shekara 65 ba, dattijon da aka sani da natsuwa ya fara batsa ko ya tuɓe a gaban mutane. Mai karatu ya duba da kyau, kowane ɗayan alamun nan yana cikin abubuwan da ake kafa hujjar maita da su.

A Nijeriya ma an yi bincike. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, tare da takwarorinsu na Indiyana ta Amurka, suka bi gida gida a unguwar Idikan suna gwada masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 ne suke da ciwon a Ibadan, a kan kashi 8.24 tsakanin baƙaƙen fata na Indiyanafolis. Wani binciken da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Ma'anar alƙaluman nan ita ce yawancin tsofaffi sukan kai ƙarshen ransu da hankalinsu. Ashe sunan gigin tsufa kansa yana ruɗarwa, gama yana sa a ɗauka duk wanda ya tsufa dole ya gigice, saboda haka ba abin kai wa likita.

Wannan hukuncin, na cewa tsufa ne, shi ne mafi taushi cikin ukun, amma yakan yi kisa shiru, domin akwai cututtuka da dama da suke sanye da rigar ciwon mantuwa alhali suna da magani. Kama da wane ba wane ba ne.

Wadda ta fi gaggawa ita ce rikicewar da ke zuwa farat ɗaya. Tsohon da aka yi hira da shi lafiya ranar Lahadi, ranar Talata ya kasa gane 'yarsa, yana fizge-fizge, yana ganin abubuwa a bango, da rana ya ɗan dawo daidai, da dare ya birkice. Wani kuwa ba ya fizge-fizge, sai dai ya yi shiru, barci ya yi masa yawa, in an yi masa magana hankalinsa ba ya tsayawa. Ciwon mantuwa ba ya zuwa cikin kwana biyu. Abin da ya zo haka, jiki ne yake da wata cuta wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa: ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko zazzaɓin cizon sauro, ko taifot. Jikin tsoho sau da yawa ba ya yin zafi ko da cutar ta yi tsanani, rikicewar ce kaɗai alamar. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, rashin shan ruwa ma ya isa, gama tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba. Mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba, sukarinsa yakan faɗi ya yi ta sambatu yana gumi, in ba a ba shi abu mai zaƙi nan take ba ya suma. Duk waɗannan na asibiti ne a ranar, ba a kwana da su. Iyalin da suka ce a bari a gani, sau da yawa gawa suke gani.

Akwai kuma wadda ke zuwa bayan makonni. Tsoho ya zame a banɗaki, ko ya faɗo daga acaɓa, ya bugu a kai, ya tashi ya kakkaɓe riga, kowa ya manta. A cikin ƙoƙon kai kuwa wata 'yar jijiya ta tsinke, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan mako uku ko shida sai a ga yana ciwon kai, yana yawan barci, yana mantuwa, wani lokaci hannu ko ƙafa ta yi nauyi. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna wannan sarai, likitan fiɗa kuma yakan huda ƙashin ya zubar da jinin, mutane da yawa su dawo yadda suke. Makamancin haka shi ne taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Kolombiya, Salomon Hakim, ya bayyana a 1965: mutum ya riƙa jan ƙafa kamar an manne ta a ƙasa, fitsari ya riƙa kufce masa, tunani ya yi nauyi. Ita ma ana yi mata aiki.

Baƙin ciki mai tsanani shi ma yakan yi kama da mantuwa. Gwauruwar da ta binne miji, aka raba ta da gonarta da ƙawayenta na zumuntar mata, aka ajiye ta a ɗaki ita da talabijin, tana iya daina ci, ta daina barci, duk abin da aka tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Bambancin da likitoci sukan lura da shi shi ne, mai baƙin ciki yakan yi ta kukan ya zama mai mantuwa, mai ciwon mantuwa kuwa sau da yawa bai san yana mantuwar ba, yakan rufe da dariya ko ya ƙirƙiro amsa. Sauran suna da yawa: raunin halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, da ƙarancin bitamin B12 wanda yakan sami masu shan metformin shekara da shekaru, da burkutu, da cutar ƙanjamau. Magungunan kemis ma suna ciki, na barci irin su diazepam, da na mura masu sa gyangyaɗi, da tramadol, musamman in an haɗa su da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Wani tsohon kuwa ba abin da ya sami ƙwaƙwalwarsa, kunne ne ya toshe, ko yana ta rufe ido. Ana tambayarsa gabas yana amsa yamma, jikoki suna dariya, shi kuma kunya ta hana shi cewa bai ji ba.

Ba a bukatar ɗa ya zama likita kafin ya sauke nauyin da ke kansa. Ana bukatar ya lura da abu biyu ko uku, ya kuma kai su inda za a auna: yaushe abin ya fara, a kwanaki ya zo ko a shekaru, me aka sha, an faɗi ko ba a faɗi ba. Daga Tudun Wada zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda aka ɗaukaka zuwa wannan matsayi a 2014, kuɗin Keke Napep ne. Gaskiya ne gwaji yana cin kuɗi, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Amma awon jini da na fitsari da na sukari ba su kai kuɗin ɗinkin biki ba, kuma akwai gidajen da suka kasa kai uwa asibiti da ranta, sa'an nan suka yanka saniya a jana'izarta. Dokar nan ta biyar cikin Dokoki Goma, ta girmama iyaye, ba a cika ta da durƙuso da gaisuwa kaɗai. Wanda ya iya sani ya ƙi nema, rashin saninsa zaɓi ne, zai kuwa amsa a kansa.

Hukuncin maita shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne ake zubar da jini. Babbar hujjar da ake kawowa ita ce, ai da bakinta ta amsa. An tara mutane, an tambaye ta ko ita ta kama kurwar yaron, ta ce i. An tambaye ta su wa suke fita tare, ta lissafa sunaye. Mai ciwon mantuwa kuwa yakan amsa duk abin da aka sa masa a baki, musamman in ana yi masa tsawa, gama ya ga fuskoki sun ɓaci, bai san laifinsa ba, yana neman amsar da za ta sa a ƙyale shi. Inda tunani ya yi rami, ƙwaƙwalwa takan cike ramin da labari, mai shi kuma ya gaskata labarin. Sunayen da ta lissafa, na waɗanda ta sani ne tun tana yarinya, rabinsu sun daɗe a kabari. Matar da ba a yarda da ita ba sa'ad da ta ce ba ta ci abinci ba, ba a yarda da ita ba sa'ad da ta ce uwarta tana da rai, ita ce aka yarda da ita nan take sa'ad da ta ce ta ci mutum. An zaɓi maganar da ake so a ji ke nan.

Ya kamata kuma a duba su wa ake zargi. Yawanci gwauruwa ce, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka rasu, ko baƙuwa wadda ba ta da mai tsaya mata. Uwar babban ma'aikaci in ta rikice, sai a ce Mama ba ta da lafiya, a sa ta a mota. Cutar ɗaya ce, sunan ne ya bi aljihu. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba na arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dūka a gaban jama'a har ta mutu, bayan wata boka ta nuna ta, mutane suna tsaye suna ɗauka da waya. A 2023 kotu ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace a kan kisan. A 2021 Majalisar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutarwar da ke biyo bayan zargin maita. A Nijeriya, sashe na 210 na kundin dokar laifuffuka da ke aiki a Kudu, da takwaransa a kundin Fenal Kod na Arewa, sun mai da zargin mutum da maita laifi. Mutane kaɗan ne suka san haka.

Wani mai bi zai ce, to, ai Littafi Mai Tsarki bai musanta ikokin duhu ba. Ba sai an warware wannan muhawara kafin a ga inda kuskuren yake. Ko wanda ya gaskata akwai maita, shari'ar Musa ta hana shi hukunta mutum sai da shaidu biyu ko uku, kuma alamar da cuta ta isa ta bayyana ta gaba ɗaya ba ta zama shaida. Yawon dare alamar ciwo ce da aka sani a Jamus da Ibadan da Zariya. Tuɓewa haka, sambatu haka. In an cire waɗannan, abin da ya rage a hannun masu zargi shi ne baƙin cikin rashin da suka yi, da sha'awar samun wanda za a ɗora wa. Sha'awar nan tsohuwa ce. A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubin wane ne ya jawo, Ubangiji kuwa bai karɓi ko ɗaya cikin amsoshin da suka kawo ba, ya juya ga makahon. Addu'a domin marar lafiya daidai ce, dattawan ikkilisiya ma an umarce su da ita. Amma a sa tsohuwa mai ciwon sukari azumin kwana uku, ko a ɗaure ta, ko a kewaye ta ana ihu a kunnenta tsakar dare, wannan ba ya cikin umarnin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kare irin waɗannan marasa lafiya daga azabtarwa, ko a gida ko a gidan addu'a.

Saura tambaya mai wuya. An je asibiti, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon mantuwa ne na ainihi. Ba shi da maganin warkewa har yau. Akwai ƙwayoyin da sukan ɗan taimaka na wani lokaci, kula da hawan jini da sukari da ji da gani kuma yakan rage saurin lalacewa, amma hanyar gangara ce. Ranar tana zuwa da za ta dubi ɗanta na fari ta tambaye shi ko shi wane ne. A ranar nan 'ya'ya da yawa sukan ce a ransu uwarsu ta riga ta tafi, gangar jiki ce ta rage.

Masana falsafa sun yi ta ja-in-ja a kan wannan. Jon Lok na Ingila ya koyar a 1694 cewa abin da ya sa mutum ya zama shi ne ɗin jiya, shi ne saninsa da ya kai ga abin da ya yi jiya. In an bi wannan zuwa ƙarshensa, wanda tunaninsa ya goge ya zama wani. Amma zumunci ba a kan tunanin mutum ɗaya yake tsaye ba. Jariri bai san sunan uwarsa ba, ba ya gode mata, yakan yi mata fitsari a zani ya kuma cije ta, duk da haka ba wanda ya ce ba ɗanta ba ne sai ya gane ta. Ita ta riƙe dangantakar ita kaɗai a shekarun da shi bai san kome ba. In yau ta kasa riƙe nata gefen, nasa gefen yana hannunsa. Abin mamaki kuma, da yawa cikin waɗanda suka manta sunan 'ya'yansu, in an ɗauko wata waƙa daga Littafin Waƙoƙi sukan bi ta baiti baiti, gama waƙa tana daɗewa a ƙwaƙwalwa fiye da suna. Sukan kuma ji taushin murya da zafinta har ƙarshe. Za ta manta wanda ya yi mata tsawa, amma tsoron yakan wuni a jikinta.

Zarginta da zaginta kuwa ba a lissafa su kamar na mai hankali. Surukar da ake kira ɓarauniya kullum, ita ce mai wanka da wanki da tashin dare, kuma ita ce dangin miji sukan fara zargi da rashin kula sa'ad da suka zo ziyarar rabin yini suka ji tsohuwa ta ce ba a ba ta abinci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dangin da ba su taɓa kwana da ita ba, gara su tambayi mai jinya abin da take bukata kafin su tambaye ta inda kuɗin ya tafi. Zumuntar mata da ta maza suna iya yin abin da asibiti ba ya yi: a raba kwanaki, wata ta zauna da tsohuwa ranar kasuwa, wata ranar Lahadi, domin mai jinya ita ma ta je sujada. A sanar da maƙwabta, Kirista da Musulmi, da mai shago da mai unguwa, cewa akwai marar lafiya a gidan, a ɗinke mata lambar waya a riga. Ɓoye ta saboda kunya shi ne yake sa ta zama baƙuwa a lungun da take kwana.

Akwai jarabar da ba a cika faɗi ba. Littafin Farawa ya ba da labarin Ishaku, wanda idonsa ya dushe da tsufa, ɗansa da matarsa suka yi amfani da raunin suka karɓi abin da ya yi niyyar ba wani. A yau takardar fili ce, da katin banki, da kuɗin fansho. Dattijon da bai san wace shekara ake ciki ba, hannun da ya sa a takarda ba yardarsa ba ce, ko da ya yi murmushi sa'ad da yake sawa. Abin da ya fi shi ne a yi maganar gado da dukiya da wuri, a gaban shaidu, tun yana iya faɗin ra'ayinsa, wanda kuma wani dalili ne na neman sanin cutar tun tana farawa.

Sai batun gaskiya. Tsohuwa ta tambayi inda mijinta yake, shi kuwa ya rasu shekara 10 da suka wuce. In an gaya mata, za ta yi kukan mutuwa kamar yau aka yi, bayan sa'a guda ta manta, ta sake tambaya. Mai bi ba ya son ƙarya, amma sanar da mace mutuwar mijinta sau biyar a yini ba shi ne abin da dokar gaskiya take nufi ba, gama ba ta da inda za ta ajiye labarin, zafinsa kaɗai take samu. Masu jinya da suka daɗe a aikin sukan bi tsakiya. Ba su ce yana kasuwa ba, ba su kuma ce ya mutu ba. Sukan ce, “Mama, kina tunaninsa ne? Yaya aka yi kuka haɗu?” Sai ta shiga labarin, wanda shi tana da shi cikakke. Idan kuwa wata rana ta dubi mutum ido cikin ido ta tambaya ko ya rasu, a gaya mata, a zauna da ita har kukan ya wuce.

Ranar zuwa asibiti, wanda yake kwana da ita shi ya kamata ya raka ta, ko da akwai wanda ya fi shi Turanci ko muƙami, domin likita ya fi bukatar mai labarin dare. A zuba dukan magungunan da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a tafi da su. A faɗi in tana shan giya, a faɗi in fitsari yana kufce mata, a faɗi in ta taɓa faɗuwa ko da wata biyu da suka wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In Hausarta ta fara zubewa, a tafi da mai jin harshenta. A sa mata tabaraunta, a kuma nemi layin safe, gama yawancinsu sun fi natsuwa kafin rana ta yi tsaka.